Abin Da Luba Ta Hango Daga Kan Dala

Masu karatu, kafin in hau da ku kan dutse, bari in fara zaunar da ku a gidanmu, don wanda bai san gidan ba ba zai gane nauyin abin da ya faru ba.

Mu huɗu ne. Babanmu Malam Isyaku baduku ne, rumfarsa tana Kasuwar Kurmi, yana ɗinkin jakunkuna da tumtum da takalman fata. Innarmu Hajo. Sai ni Mero, 'yar fari, malama a makarantar 'yan mata ta cikin birni. Sai autarmu Luba, mai shekara takwas a lokacin, wato shekarar 1957. Tsakanina da Luba an haifi maza uku, duk sun koma tun suna goye. Hatsi bai taɓa yanke mana ba, sutura ma daidai gwargwado. Abin da muka rasa shi ne ɗa namiji, kuma gidan da babu ɗa namiji kowa gani yake yana da ta cewa a kansa. Wanda ya fi kowa ta cewa shi ne Baffa Ilu, wan Baba, wanda shi ne zai ba da aurena. Bai taɓa yafe wa Baba barina da ya yi na yi boko ba, balle koyarwa.

Gidanmu a gindin Dala yake. In ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga kai, dutsen ne ya tare maka rabin sama. Tun da aka kawo Inna amarya ba ta taɓa fita da rana ba. In biki ne ko gaisuwar mutuwa, sai magariba ta yi, ta lulluɓe, Luba ta riƙe mata fitila. Saboda haka abin da Inna ta sani na Kano da hasken rana shi ne katangunmu huɗu, da dabinonmu, da wannan dutse. Tana daka tana kallonsa, tana tankaɗe tana kallonsa. In samari suka hau ranar salla takan ce, "Ji su can kamar tururuwa."

Sai kuma Kyari. Ku yi haƙuri, har yanzu in na zo sunansa sai na ɗan tsaya. Babarbare ne daga Zangon Barebari, dogo, baƙi, da tsage siri-siri a kumatu, ba ya rabo da farar taguwa da hula zanna, kuma ƙanshin turaren wutar mahaifiyarsa yakan riga shi isowa. Aikinsa shi ne ɗaukar baƙin da jirgin sama ya sauke na ɗan lokaci, ya zaga da su gari a kitika, 'yar mota mai buɗaɗɗen baya, ya mayar da su kafin jirginsu ya tashi. Baffa Ilu ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "ɗan yawon Turawan nan". Baba kuwa abu biyu ya bincika, ya ji yana salla a jam'i, yana kuma riƙe da tsohuwarsa, sai ya ce ya turo manyansa. An tsayar da ranar Juma'a za su kawo gaisuwa.

A makon ne na shirya fitar da ɗalibaina.

Dalilin kuwa shi ne, wata rana ina koyar da labarin ƙasa na tambaye su kogin da ya ratsa birnin Landan, duka aji suka amsa baki ɗaya. Na ce, to wa ta taɓa ganin Ƙofar Kabuga? Shiru. Wa ta taɓa leƙa marina? Yarinya ɗaya ta ɗaga hannu, ita ma a goye aka wuce da ita. Abin ya tsaya mini a rai, don na san yawancinsu shekara ɗaya ko biyu ya rage a kai su ɗaki, su yi zama irin na Inna, a garin da ba su taɓa gani ba. Na nemi izinin makaranta, na bi gida gida ina roƙon iyaye. Wasu suka yarda, wasu suka ce 'yarsu ba ta da lafiya tun kafin in faɗi ranar. Kyari ya ce zai roƙi maigidansa aron mota.

Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi.

"Tani za ta je?"

"Za ta je, Baba."

"To."

Malama Tani babbar malamarmu ce, Bafulatana, mijinta ya rasu, bakinta ya fi wuƙar Baba kaifi. In tana wuri, babu uban da zai ce an yi ba daidai ba.

Da safen ranar ina ɗaura ɗankwali a gaban ɗan madubina, na sa atamfata mai ruwan ganye da farin gyale, na zizara kwalli kaɗan, na goge, na sake zizarawa. Inna tana bakin murhu tana kallona ta gefen ido. Ba ta kiran sunana, kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "ke".

"Ke, yara za ki kai ganin gari ko garin ne zai zo ganinki?"

Luba ta ƙyalƙyale da dariya. Na ce mata ta je ta nemo takalminta.

"Da gaske har kan dutsen za ku hau?" in ji Inna.

"In Allah ya yarda. Shi ne na ƙarshe."

Ta ci gaba da juya koko. Can ta ce, "Ko za ku gane gidan nan daga can?"

"Gidajen duk iri ɗaya ne, Inna."

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adakarta, ta fito da jan zanenta na aure wanda ko ni ban cika gani ba. Ta kaɗe shi, ta shanya a igiyar da ke tsakanin dabino da ɗakin girki.

"To ga alama. In kun ga ja, nan ne."

Ina so ku riƙe wannan, don kada ku zargi kowa. Duk rayuwarmu daga ƙasa muke kallon dutsen, muna ganin mutanen kansa kamar tururuwa. Mun ɗauka su ma haka suke ganinmu. Babu wanda ya taɓa ce mana ba haka ba ne.

A ƙofar makaranta muka tarar da Kyari ya wanke kitikar tana sheƙi, ya shimfiɗa tabarmi a baya. Ya durƙusa ya gai da Malama Tani.

"Tashi, bawana," in ji ta. "Ka dai tuƙa mu a hankali. Na san Babarbare in ya ga hanya sai ya ɗauka raƙumi yake kora."

"Ranki ya daɗe, ai yau ba a kan saniya kike ba, sai ki riƙe da kyau."

Yara suka tuntsire. Ni dai na sunkuyar da kai na shiga baya cikin ɗalibaina. Kafin mu tashi na yi musu abin da na saba yi in za mu fara darasi. Na ce kowace ta buɗe ido, ta lura, kuma in ta koma gida ta ba mutanen gidansu labarin abin da ta gani daidai, ba ƙari ba ragi, don su ma su samu rabonsu. Na sa suka maimaita. Ba ƙari, ba ragi. Luba ce ta fi kowa ɗaga murya.

Daga Ƙofar Nassarawa muka fara. Kyari ya tsayar da mota ya sa suka sauka, kowace ta dafa ganuwa da tafin hannunta. Ya nuna musu kaurin ginin, da inda ruwan damina ya zaizaye shi, ya ce da can unguwa unguwa ake fitowa gyara bayan kaka. Wata yarinya ta ce ita ta ɗauka ganuwa katanga ce irin ta gidansu, ashe tudu ce. A marinar Ƙofar Mata suka toshe hanci da gyale, amma ba su yarda sun matsa ba. Wani tsoho da hannayensa suka rine har gwiwar hannu ya tsoma farin ƙyalle, ya fito da shi kore, suna kallo iska ta mayar da shi shuɗi. Luba ta ce sihiri ne. Tsohon ya ce, "Da sihiri ne, 'yata, da ban tsufa a bakin rami ba." Muka bi ta gaban sabon masallacin Juma'a, suka ɗaga kai suna kallon hasumiyoyin har ɗankwalin wata ya zame.

A Kurmi muka sauka muka taka. Layin 'yan turare, layin 'yan ƙwarya, layin masu tsakiya da murjani, inda sai da Malama Tani ta daka tsawa kafin yara suka motsa. Na so mu kauce wa layin dukawa, amma Luba ta riga ta sheƙa gaba tana cewa ga rumfar Babanmu. Kyari yana hango shi ya tuɓe takalmi daga nesa, ya tsugunna a tsakiyar hanya, mai jaki yana ta cewa gafara. Baba kuwa ya duƙufa kan wata fata kamar bai taɓa ganin fata ba, ya amsa gaisuwar yana kallon basilla. Maƙwabtansa suna ta gyaran murya. Ni ma na tsaya ina nazarin wani tumtum da tun ina yarinya yake rataye a wurin. Da muka wuce Malama Tani ta ce, "Kunyarku ta Kanawa sai ta sa a take mutum da jaki."

Rana ta kusa tsakiya muka iso gindin Dala. Hanyar hawan siririya ce, jar ƙasa da tsakuwa, ciyawar ƙarshen damina ta rufe gefenta. Malama Tani ta hau rabi ta zauna, ta ce dutsen kakannin wani ne ba nata ba, sai kuma ta tashi ta riga wasu yaran isa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ni da aka haifa a gindinsa, ranar na fara hawa. Iska ta bugo mu, gari ya baje a ƙasa kamar shanyar hatsi. Soraye da zankwayensu, kududdufai suna walƙiya, dabinai, gonakin dawa a cikin ganuwa, ita kanta ganuwar ta zagaya kamar an ja ta da yatsa. Yaran nan masu surutu suka yi tsit.

Kyari ya tattara su ya jera su ta ɓangare ɗaya, ya ciro wani abu daga jakar fata. Madubin hangen nesa ne, mai ido biyu, wani baƙo ya bar masa. Ya koya musu yadda ake murza shi. Ya nuna musu ƙubbar masallaci, da Gidan Sarki, da dalar gyaɗa can wajen gari, da Goron Dutse, da inda Ƙofar Kabuga take, ya ce in an sake ba shi mota ta can za mu fita har bakin kogin Challawa su ga ruwa mai tafiya. Wata ta ga jirgi yana sauka ta saki madubin, ya cafe shi kafin ya kai ƙasa.

Ba mu ankara ba Luba ta zagaya ɗaya ɓangaren.

"Yaya, ban ga jan ba."

Na bi ta. Muka duba, muka duba, gidaje sun cakuɗe kamar zuma a saƙa. Ta fara kumbura baki. Sai muka ji muryar Kyari daga inda yake, ya ba mu baya.

"Luba, kin ga kukar nan ta bakin kududdufi? Bi lungun da ke hagunta. Gidan da dabinonsa ya karkata."

Ya miƙo madubin ta kan kafaɗarsa. Bai juyo ba.

Luba ta kafa shi a ido, ta murza, sai ta fara tsalle.

"Ga Inna. Yaya, ga Inna a gabana."

Na karɓa. Masu karatu, Inna na gani kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Ashe ta hango jerin yara masu shuɗin kaya a kan dutse ta gane mu ne. Ta bar tsifar da take yi, kanta babu ɗankwali, rabin gashin a tsefe, ta cire jan zanen daga igiya tana kaɗa shi sama da hannu biyu. Dariya take yi, har ina ganin jan furen da ke haƙoranta. Ta juya sau ɗaya a tsakar gida kamar budurwa a dandali. Shekarata ashirin a ɗakinta ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Na tsaya ina kallo har idona ya cika, na daina gani sosai.

Da na sauke madubin ne na farga. In ni na gani haka, to duk wanda ya riƙe abin nan zai gani.

Wajen saukowa na ɗan rage tafiya har ya zo daidai da ni, Malama Tani tana gabanmu kaɗan tana yi kamar kunnenta ya toshe.

"Malam Kyari, yaya aka yi ka san gidan ba ka duba ba?"

"Tun makon da na fara zuwa zance na gane shi daga nan," ya ce, idonsa a kan hanya. "Sau ɗaya na duba, na ga dabinon, na kau da kai. Tun daga ranar ta can nake tsayar da baƙi. In wani ya nufi nan sai in ce masa ga jirgi, ga masallaci. Ba gidanku kaɗai ba, duk unguwar."

Zuciyata ta yi fari da shi a lokacin, ta yi fari har na manta da komai. Da na tuna, da na kama hannun Luba a gindin dutsen na ce mata akwai abin da za ta ajiye. Amma ta yaya? Ni ce da safe na sa ta maimaita ba ƙari ba ragi.

Bayan la'asar Baffa Ilu ya zo, suka zauna a zaure da Baba suna tsara zancen Juma'a, wa za a kira, tabarmar wa za a aro. Inna ta dama fura ta ba Luba ta kai. Ina bayan ƙyauren zaure ina kwashe shanya, duk abin da aka faɗa a kunnena.

"A'a, ƙaramar 'yar boko," in ji Baffa, cikin raha. Yana son Luba, wannan gaskiya ne. "An ce yau kun zaga duniya. Me kuka gano mana?"

Ta gyara tsayuwa kamar a gaban aji. Ta fara daga ganuwa, ta zo marina, ta zo jakin da ya kusa take mutum, Baffa yana dariya har da buga ƙafa. Sai ta hau dutse.

"Na kasa ganin gidanmu, sai Yaya Kyari ya gaya mini inda yake, ko nema bai yi ba. Ya ba ni madubinsa wanda yake ba Turawa. Na ga Inna kusa da ni, ba ɗankwali, tana rawa da jan zane."

Ludayi ya tsaya a ƙwarya. Na ji ƙarar ajiye shi.

"Ko nema bai yi ba," in ji Baffa a hankali.

"Eh, ya ba mu baya ma."

Amma wannan ba ta shiga kunnen kowa ba.

"Shiga gida, Luba," in ji Baba.

Ta wuce ni tana murmushi, tana jiran in ce ta yi ƙoƙari. Na shafa kanta kawai.

Baffa bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Isyaku, na yi shiru a kan boko, na yi shiru a kan aiki. Yanzu wanda zai zama surukinka ya san tsakar gidanka daga sama, yana yawo da abin da ke jawo matan mutane gaban idon baƙi. Yarinya ta faɗa a nan, sauran yaran kuma suna can suna faɗa a gidajensu. Gobe a Kurmi za ka ji. Da kana da ɗa namiji, da shi ya hau ya gano maka wannan tuntuni."

Maganar ƙarshen nan a inda take yi wa Baba ciwo ta sauka.

"A aika musu Juma'a ta ɗaga," in ji Baffa. "In yana son 'yarmu, ya bar hawa da baƙi kan dutsen nan, ya nemi wata sana'a. In ya bari, a zo a yi magana."

Na sami Inna a ƙuryar ɗaki, ta ɗaura ɗankwali har gira, ta ninke jan zanen ta mayar adaka. Ita ma ta ji.

"Ke. Ya gan ni?"

"Wallahi bai juyo ba, Inna."

"Da wane ido zan dubi yaron nan, ko a bayan labule?"

Na zauna kusa da ita. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta matso, ta rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Garin yana da girma?"

Na ce yana da girma, Inna. Na fara ba ta labari, ganuwa da kududdufai da dalar gyaɗa. Ta tambaye ni ko ana hango unguwarsu ta Mandawari, inda aka haife ta. Na ce ana hangowa, duk da ban san ko wace ce a cikinsu ba.

Washegari da yamma Kyari ya zo. Saƙon ya riga ya same shi. Ya jingine kekensa nesa da ƙofa, ba inda ya saba ba. Na fita da Luba kamar kullum, amma ta ƙi zuwa karɓar alewar da ya miƙo mata, ta tsaya jikin bango.

"Malama, ina wuni."

"Lafiya lau. Ka ji?"

"Na ji." Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. "Baffa bai yi ƙarya ba, abin yana jawo mutum kusa. Da ni ne uba, da na ji zafi."

"To ka bari mana. Tuƙi ka iya, ko'ina za a ɗauke ka."

"Jiya na kwana ina wannan tunanin. Tsohuwata ma abin da ta ce ke nan." Ya ɗaga kai ya dubi dutsen. "Amma Mero, in na bari, baƙi ba za su daina zuwa ba. Wani za a ba motar. Akwai wanda yake jira, ba ɗan gari ba ne, bai san wane ɓangare ake juya musu baya ba. Shi abin da zai faranta musu zai nuna, kuma su tsakar gida suka fi son gani. Da na'urar ɗaukar hoto suke hawa."

"Wato unguwa za ka tsare, ni ka bar ni."

"Ban ce ba."

"Me ka ce?"

"Cewa na yi ban san yadda zan yi ba. Ki ba ni lokaci in ga Baba da kaina."

"Baba ba zai tsallake maganar wansa ba, ka sani."

Ya dubi Luba. "Ƙanwata, zo mana. Ai ke kika fi kowa ba da labari daidai, an gaya mini."

Ta ruga cikin gida. Ya ajiye alewar a kan dakali, ya ja kekensa bai hau ba har ya sha kwana. Ban kira shi ba. Na so in kira, girman kai ya riƙe mini harshe, kuma har yau ina da-na-sanin haka.

Ranar Juma'ar da ya kamata zaurenmu ya cika da baƙi da goro, masu kafa rumfa ne suka shigo. Baba ya sa Inna ta shige ɗaki, aka kakkafa dirkoki a tsakar gida, aka ɗora zana daga bakin ɗakinta har ɗakin girki, duk ɓangaren da ke kallon dutse. Bai yi faɗa da kowa ba. Da kansa ya riƙa miƙa musu igiya, yana aiki yana kauce wa idona. Da suka tafi Inna ta fito ta ɗauki turminta. Ta ɗaga kai kamar yadda ta saba, ta ga zana, ta sauke kai ta ci gaba da daka.

"An samu inuwa," ta ce.

Luba tana zaune a bakin ƙofar ɗakinmu da allonta a cinya, ba ta karanta komai. Na zo na zauna kusa da ita.

"Yaya, da can ba a hango gidanmu daga sama?"

"Ana hangowa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife mu. Dutsen ya girmi gidan."

"Baffa ya taɓa hawa?"

"Duk namijin da ke unguwar nan ya hau yana yaro."

Ta riƙa kankare bakin allon da farce.

"To shi ma ya sani ke nan."

Na buɗe baki in yi mata bayani irin na malamai, na rasa ta inda zan fara. Ba ta ma jira ba. Ta dubi rumfar, ta dubi Inna a ƙarƙashinta, ta dubi ƙofar zaure inda har la'asar ta wuce babu ƙarar keke. A ranar Luba ta gane cewa ba ganin Inna daga kan dutse ne ya ɓata wa manya rai ba. Faɗar da ta yi ce ta ɗaga auren yayarta, ta kuma rufe wa uwarta sama.